Zamewar faifan ƙashin baya: hanyoyin magani da hukuncin ibadar mai ciwon

Tambaya

Mutumin da ciwo ya kama shi daga kwankwaso ya gangara ƙafa, likita ya ce faifan ƙashin bayansa ne ya zame yana danne jijiya, waɗanne hanyoyin magani ne a gabansa? Shin dole sai an yi masa tiyata? Idan ya ƙi yarda da ita yana da laifi? Kuma yaya zai yi da sallarsa da azuminsa?

Taƙaitacciyar amsa

Mafi yawan masu wannan ciwo suna samun sauƙi cikin mako 6 zuwa 12 ba tare da tiyata ba, ta hanyar maganin rage zafi da motsa jiki da haƙuri. Tiyata zaɓi ce ga wanda ciwon ƙafarsa ya ƙi lafawa. Amma tana zama wajibi da gaggawa idan fitsari ko bayan gida ya rikice, ko matsematsi ya sage, ko ƙafa ta fara shanyewa. A ibada kuwa, abin da ka iya shi ne aka ɗora maka.

Amsa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Muna roƙon Allah Ya ba ka lafiya, Ya sanya ciwon ya zama kaffara a gare ka.

Na farko: mene ne wannan ciwo?

Ka sani, ya ɗan'uwa, ƙashin baya gaɓoɓi ne da aka jera ɗaya bisa ɗaya, guda 5 daga cikinsu suna daidai ƙugu, su ne likitoci ke rubutawa L1 zuwa L5. Tsakanin kowace gaɓa da 'yar'uwarta Allah Ya sanya wani faifai na guringuntsi mai kama da matashi, bayansa da tauri, cikinsa da taushi. Shi ke hana ƙasusuwan gogar juna, shi ke shanye nauyi idan ka sunkuya ko ka ɗauki kaya.

Idan bayan faifan ya tsage, taushin cikinsa sai ya bulluƙo ya taɓa jijiyar da ke wucewa kusa da shi, ya danne ta, ya sa ta kumbura. Wannan shi ake kira zamewar faifai, ko da yake faifan ba ya barin mazauninsa gaba ɗaya. Kusan 9 cikin 10 na wannan matsala a ƙugu tana faruwa ne a wurare biyu na can ƙasa, tsakanin L4 da L5, ko tsakanin L5 da S1. Ta fi samun masu shekara 30 zuwa 50, kuma ta fi yawa ga maza.

Da yake jijiyoyin wurin ƙafa suke tafiya, sai ka ji ciwon ya taso daga mazaunai, ya bi bayan cinya da sharaɓa har tafin ƙafa, yawanci a gefe ɗaya, kamar jan wutar lantarki ko sukar allura. Tari da atishawa da dogon zama suna ƙara shi. Larabawa suna kiran wannan ciwo irƙun-nasa, kuma an san shi tun zamanin da. Malaman tafsiri, wajen bayanin aya ta 93 a Suratu Ali Imrana, sun kawo daga Ibn Abbas (Allah Ya yarda da su) cewa shi ne ciwon da ya sami Annabi Yaƙub (amincin Allah ya tabbata a gare shi). Amma danganta shi da faifan baya a fili bai yaɗu ba sai a 1934, lokacin da likitoci biyu a birnin Boston na Amurka, William Mixter da Joseph Barr, suka wallafa sakamakon ayyukan da suka yi.

Abubuwan da ke jawo shi sun haɗa da ɗaga kaya mai nauyi a sunkuye tare da murɗa jiki, kamar yadda ɗan dako ke yi da buhu, da dogon zama a kan abin hawa mai jijjiga, da ƙiba, da shan taba, da gado, da tafiyar shekaru.

Na biyu: hukuncin neman magani

Neman magani halal ne, kuma ba ya warware tawakkali. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Usama ɗan Sharik cewa wasu Larabawan ƙauye sun tambayi Annabi (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) game da yin magani, sai ya umarce su da shi, ya sanar da su cewa kowace cuta tana da maganinta in ban da tsufa.

Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙasa da ƙasa, a zamanta na 7 a Jidda a shekarar 1412 bayan Hijira, daidai da 1992, ta bayyana cewa hukuncin magani yana sauyawa gwargwadon hali. Yana zama wajibi idan barinsa zai kai ga halaka, ko rasa wata gaɓa, ko nakasa. Yana zama mustahabbi idan barinsa zai raunana jiki ne kawai. Yana zama halal a abin da bai kai haka ba. Yana zama makaruhi idan ana tsoron illar maganin ta fi cutar. Ka riƙe wannan rabe-rabe, domin zamewar faifai tana iya faɗawa cikin kowanne.

Na uku: alamomin da ba a jira da su

Kafin a zo maganar haƙuri da ciwo, ka fara duba waɗannan. Idan ɗaya ta same ka, ka tafi asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne:

1. Fitsari ya ƙi fita, ko yana zuba ba da saninka ba, ko ka daina jin cikar mara.
2. Ka kasa riƙe bayan gida.
3. Matsematsi da al'aura da kewayen dubura sun sage, har kana tsarki ba ka jin taɓawar ruwa.
4. Ciwo ko rauni ya kama ƙafafu biyu lokaci guda.
5. Ƙafa tana ƙara rauni kullum, ka kasa ɗaga tafinta, kana jan ta, ko takalmi yana zare maka ba ka sani ba.

Alamomi huɗun farko suna nuna faifan ya matse tarin jijiyoyin da ke ƙarshen laka, waɗanda ke kula da mafitsara da hanji da al'aura. Likitoci suna son a yi aikin cikin awa 24 zuwa 48, domin jinkiri yana iya barin mutum da yoyon fitsari ko raunin mazakuta na har abada. A nan magani wajibi ne. Kada kunya ta hana ka faɗa wa likita abin da ke faruwa, kada kuma 'yan'uwa su ce a dakata a gwada na gida tukuna.

Haka nan idan ciwon baya ya zo da zazzaɓi, ko gumin dare, ko rama, ko ƙusumbi ya fara fitowa, ko ya biyo bayan faɗuwa ko haɗari, ko kana da tarihin ciwon daji, to wataƙila wani abu ne daban. Tarin fuka yana kama ƙashin baya, kuma ana samunsa a ƙasashenmu, maganinsa kuwa daban yake.

Na huɗu: magani ba tare da tiyata ba

Idan babu ɗaya daga alamomin can, to a nan ake farawa, kuma a nan mafi yawan mutane suke gamawa. Daga rahamar Allah, jiki da kansa yana cinye abin da ya bulluƙo daga faifan a hankali, kumburin jijiya ya saɓe. Binciken da aka tattara a 2017 ya nuna kusan kashi biyu cikin uku na irin wannan bulli yana janyewa da kansa.

Motsi. A da ana cewa mai ciwon baya ya kwanta makonni. Yanzu an gane doguwar kwanciya tana raunana tsoka ne kawai. Idan zafi ya tsananta ka huta kwana ɗaya ko biyu, sannan ka tashi ka riƙa tattaki kaɗan-kaɗan a fili mai laushi, kana ƙarawa kullum. Ka guji dogon zama, da zama a kujera mai lotsawa, da ɗaga kaya a sunkuye. Wajen barci, ka kwanta a gefe da matashi tsakanin gwiwoyi, ko rigingine da matashi a ƙarƙashinsu.

Maganin rage zafi. Wanda aka fi bayarwa shi ne dangin ibufurofen da diklofenak, a mafi ƙarancin adadin da zai yi aiki, na ɗan lokaci, kuma bayan cin abinci. Suna iya jawo gyambon ciki da zubar jini da lahanin ƙoda. Mai olsa, da mai ciwon ƙoda ko zuciya, da mai hawan jini, da mai juna biyu, kada su sha sai da izinin likita. Kada ka haɗa biyu daga dangin nan a lokaci guda, kuma ka nisanci haɗin ƙwayoyin da ake ƙulla wa mutane a leda ba suna ba adadi. Farasitamol ya fi su sauƙin illa, sai dai shi kaɗai ba ya cika isa.

Magungunan da ke taɓa hankali. Tiramadol da kodin da makamantansu suna sa mutum ya kamu da su, kuma kowa ya ga ɓarnar da suka yi wa matasa. Hukumar NICE ta Ingila, a gyaran da ta yi wa ƙa'idojinta a 2020, ta hana ba da irin waɗannan ga ciwon jijiyar ƙafa da ya daɗe, ta kuma ce kada a ba da firegabalin da gabafentin saboda wannan ciwo, domin illarsu ta rinjayi amfaninsu. A shari'a, abin da ke gusar da hankali haramun ne. Malamai sun yi rangwame ne kawai idan amintaccen likita ya rubuta shi, babu madadinsa, kuma aka tsaya a gwargwadon lalura. Sayensa a kemis da ra'ayin kai, ko ƙara adadi, ko ci gaba da sha bayan zafi ya wuce, bai shiga rangwamen ba.

Gashi. Likitan gashin ƙashi zai koya maka motsin da ya dace da kai, na miƙa baya da ƙarfafa tsokar ciki da ta ƙugu. Ma'aunin da za ka riƙe shi ne: motsin da ke janye ciwo daga ƙafa ya mayar da shi baya yana da kyau, wanda ke ƙara tura shi ƙasa kuwa ka bar shi. Ɗumama wurin yana kawo sauƙi. Bel ɗin ɗaure ƙugu da na'urar jan baya ba su nuna amfani tabbatacce ba.

Allurar baya. Idan zafi ya hana ka barci da tafiya, ana iya yi maka allurar rage kumburi a kusa da jijiyar. Sauƙinta na makonni ne zuwa 'yan watanni, tana ba ka sarari ne kafin jiki ya gama aikinsa. Mai ciwon suga ya sani tana iya ɗaga sugansa na 'yan kwanaki.

Game da hoto: hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna faifai, sai na MRI. Ba a bukatarsa a makonnin farko sai ga mai alamun haɗari ko wanda ake shirin yi wa aiki. Kada rubutun da ke jikin sakamakon ya firgita ka. A wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1994, an ɗauki hoton mutum 98 da ba sa jin ciwon baya ko kaɗan, sai aka tarar kashi 52 cikin 100 faifansu ya kumburo, kashi 27 kuma ya turo waje. Likita yana yanke shawara ne idan abin da hoto ya nuna ya dace da inda kake jin ciwo.

Na biyar: tiyata

Ana maganar tiyata a hali uku: alamun gaggawa da suka gabata, raunin ƙafa mai ƙaruwa, da ciwon ƙafa mai tsanani da ya wuce mako 6 zuwa 12 duk da magani.

Aikin da aka saba shi ne a yi ƙaramar tsaga a baya, a cire guntun da ke danne jijiya kawai, a bar sauran faifan. Tun 1977 aka fara yin sa da madubin ƙara girma, yanzu kuma wasu asibitoci suna yi ta siririn bututu mai kyamara. Yawanci ana tashi a taka a ranar ko washegari, a koma gida cikin kwana ɗaya zuwa uku, a koma aiki marar nauyi bayan 'yan makonni. Mai aikin ƙarfi yakan jira wata biyu zuwa uku. Ɗaure gaɓoɓi da ƙarfe ba ya cikin aikin zamewar faifai na yau da kullum, sai in akwai wani dalili. Idan an ambata maka shi, ka nemi bayani.

Me tiyata ke ƙarawa? A 2007 an wallafa wani bincike da aka yi a ƙasar Holand a kan mutum 283 da ciwon ya kai musu mako 6 zuwa 12. An yi wa rabi aiki da wuri, rabi aka ci gaba da kula da su. Waɗanda aka yi wa aiki sun fi saurin samun sauƙin ƙafa. Daga masu jira, kashi 39 cikin 100 sun koma an yi musu aikin daga baya. Amma da shekara ta cika, kusan kashi 95 cikin 100 na kowane ɓangare sun murmure. Ma'ana, idan babu alamar haɗari, saurin sauƙi tiyata ke bayarwa. Kuma ta fi magance ciwon ƙafa a kan ciwon bayan kansa.

Tana da haɗarinta: ƙwayoyin cuta su shiga wurin, ko rigar laka ta yage ruwanta ya zuba, ko jijiya ta taɓu, wanda ba kasafai yake faruwa ba. Faifan kuma yana sake bulluƙowa ga kusan 5 zuwa 15 cikin 100. Maganar da ake yawan ji cewa duk wanda aka taɓa wa baya ba ya sake tashi ba gaskiya ba ce, kuma ta sa wasu sun zauna a gida har jijiya ta mutu. Masu yin wannan aiki su ne likitocin ƙashi da na ƙwaƙwalwa da laka, a manyan asibitocin koyarwa da asibitocin ƙashi irin na Dala a Kano.

Saboda haka, idan kana hali na uku, zaɓi naka ne. Ka yi aikin babu laifi, ka ƙara haƙuri babu laifi. Ka duba iya juriyarka da sana'arka da aljihunka, ka ji ta bakin likita na biyu, ka yi istihara. Maganin sa barci domin tiyata ya halatta saboda lalura, kuma sallar da ta wuce ka kana cikinsa sai ka rama idan ka farfaɗo.

Na shida: ƙaho, ɗori da ruƙya

Ƙaho ya tabbata a Sunna, kuma wasu suna jin sauƙin tsamin baya da shi. Sai dai ba ya mayar da faifai, ba ya ɗage dannewar jijiya. Idan za ka yi, a yi da sabuwar aska saboda ciwon hanta da ƙanjamau, kuma mai shan maganin tsinka jini ya bari. Lalas da wuta kuwa, Buhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa Annabi (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) ya ambace shi cikin hanyoyin waraka amma ya hana al'ummarsa shi.

Ibn Majah ya ruwaito hadisin Anas a kan maganin irƙun-nasa da kitsen jelar tunkiyar ƙauye. Ibnul Ƙayyim a Zadul Ma'ad ya bayyana cewa maganar tana fuskantar mutanen Hijaz ne da makwabtansu, gwargwadon yanayinsu da musabbabin ciwon a wurinsu. Don haka ba hujja ba ce ta ƙin zuwa asibiti ga wanda jijiyarsa ke mutuwa.

Ka kiyayi mai tattaka baya, da mai murɗa ƙugu da ƙarfi da sunan mayar da ƙashi, domin babu ƙashin da ya goce balle a mayar. Ya zo a hadisin Abu Dawud da Nasa'i da Ibn Majah cewa wanda ya shiga aikin magani ba a san shi da iliminsa ba, shi ke ɗaukar alhakin ɓarnar da ya yi.

Ruƙya kuwa ka lazimce ta tare da magani. Muslim ya ruwaito cewa Annabi (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) ya koya wa Usman ɗan Abil As ya ɗora hannu a inda ke masa ciwo, ya ambaci sunan Allah sau 3, ya nemi tsarinsa daga sharrin abin da yake ji sau 7.

Na bakwai: tsarki, salla, azumi da Hajji

Asalin wannan babi shi ne hadisin Imrana ɗan Husaini a Buhari. Yana fama da basir, sai aka umarce shi ya yi salla a tsaye, in ya kasa a zaune, in ya kasa a kwance a gefensa. Ƙa'idar ita ce, rukunin da ka kasa shi kaɗai ke faɗuwa daga kanka.

Mai wannan ciwo sau da yawa tsayuwa ta fi masa sauƙi a kan sunkuyo. Idan haka kake, ka yi kabbarar harama da karatu a tsaye, ka rusuna gwargwadon iko a ruku'u, sannan ka zauna a ƙasa ko a kujera ka yi nuni da sujada, nunin ya fi na ruku'u yin ƙasa. Kuskure ne mutum ya zauna a kujera tun daga farkon farilla alhali yana iya tsayuwa. Wanda kuma tsayuwar ce ke gagararsa amma yana iya kai goshi ƙasa, ya zauna ya yi sujadarsa cikakkiya. Ba a bukatar ɗago matashi zuwa goshi. Idan likita amintacce ya hana ka sunkuyo na wani lokaci bayan aiki, ka bi maganarsa, domin tsoron ƙaruwar ciwo ko jinkirin warkewa uzuri ne.

Idan wanke ƙafa a alwala ya yi wuya, ka zauna a abu mai tudu, ko wani ya taimaka maka, ko ka sa huffi da tsarki ka riƙa shafa. A wankan janaba bayan aiki, ka wanke inda ruwa ba zai cutar ba, ka shafa a kan bandejin. In ruwan ya gagara gaba ɗaya, ka yi taimama.

Ciwon baya shi kaɗai ba ya hana azumi. Amma idan zafi ya kai sai ka sha magani da rana, ka sha ruwa ka rama daga baya, kamar yadda aya ta 185 a Suratul Baƙara ta yi rangwame. Ka tambayi likita ko za a iya mayar da maganin lokacin buɗa-baki da sahur, domin dangin diklofenak tare da ƙishirwa suna wahalar da ƙoda. Majalisar Fiƙihu a zamanta na 10 a Jidda a 1997 ta ce allurar tsoka da ta jijiya wadda ba ta abinci ba, da man shafawa, da maganin da ake sa wa a laka, duk ba sa karya azumi.

A Hajji da Umra ya halatta a tura ka a keke wajen ɗawafi da sa'ayi, domin Ummu Salama ta yi ɗawafi a kan abin hawa saboda rashin lafiya da umarnin Annabi (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi). Kana iya wakilta wani ya yi maka jifa idan ka kasa.

Mace ta nemi likita mace, namiji ya nemi namiji. Idan ba a samu ba, ya halatta ɗayan ya duba, a buɗe gwargwadon bukata, ba tare da keɓancewa ba.

Kada ka yi baƙin ciki don ka koma salla a zaune ko ka kasa zuwa jam'i. Buhari ya ruwaito daga Abu Musa cewa bawa idan ya yi rashin lafiya ana rubuta masa ladan abin da ya saba yi yana lafiya. Idan sauƙi ya samu, ka ci gaba da tattaki da motsin da aka koya maka, ka bar taba, ka rage ƙiba, kuma in za ka ɗauki kaya ka durƙusa da gwiwa ka jawo shi jikinka kafin ka miƙe.

Allah ne Mafi sani.